Riƙon Bangaskiya da Naciya ga Addu'a a Tsakanin Kiristocin Gombe

Kiristocin birnin Gombe 'yan tsiraru ne a garin da ya ginu a kan sarautar Musulunci, amma kuma garin shi ne hedikwatar jihar da Kiristanci ya kafu a kudancinta fiye da shekara 100. Kiristan Gombe ba baƙo ba ne, ba kuma shi ke da rinjaye ba. A wannan tsaka-tsakin ne ake gane abin da masu wa'azi ke nufi idan suka hau bagade suna maganar tsanani da jimiri da naciya ga addu'a. Maganar tana da tushe a abubuwan da suka faru a unguwannin garin, masu ranaku da sunaye. Tana kuma da iyaka, domin Gombe ba kullum take zaman doya da manja ba.

Masarautar Gombe ta samo asali daga jihadin farkon ƙarni na 19, a hannun Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Gombe Abba ce hedikwatar farko, Turawan mulki suka mayar da ita Nafaɗa a 1913, sannan a 1919 aka kawo ta inda birnin yake a yau. Ƙabilun duwatsun kudu, irin su Tangale da Waja da Tula da Cham da Dadiya, ba su taɓa miƙa wuya ga masarautar gaba ɗaya ba. Da Turawa suka zo, sun taƙaita aikin mishan a cikin masarautu saboda alkawarin da suka yi wa sarakuna na rashin taɓa addini, suka bar 'yan mishan su nufi wuraren masu addinin gargajiya. Shi ya sa bishara ta shigo ƙasar Gombe ta ƙofar kudu. A 1917 John Hall da Gordon Beacham na mishan ɗin SIM suka sauka a Kaltungo, suka koyi harshen Tangale, suka fara fassara da koyar da karatu, aikin ya bazu zuwa Billiri da Tula da ƙasar Waja. Ikilisiyoyin da SIM ta kafa su ne suka zama ECWA a 1954, kuma har yau ita ce ɗarikar da ta fi kafuwa a jihar.

Birnin kansa ta hanyar neman abinci ya samu Kiristocinsa. Cinikin auduga da layin dogo da ya iso a 1963 sun jawo Ibo da Yarbawa da ma'aikata daga sassa daban-daban, suka zo da Katolika da Angilikan da Baftis. Da aka ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, 'yan kudancin jihar suka kwararo hedikwata domin aikin gwamnati, unguwanni irin su Tumfure suka cika. A 1999 Angilikan ta kafa diyosis a Gombe, bishop ɗinta na farko Henry Ndukuba, wanda a 2020 ya zama shugaban ɗarikar na Nijeriya baki ɗaya. Rukuni na ƙarshe da ya shigo shi ne na 'yan gudun hijira daga Borno da Yobe da Adamawa, musamman a 2014, da yawansu 'yan ɗarikar EYN ne da aka ƙone wa garuruwa da majami'u. Ke nan a majami'a ɗaya ana iya samun jikan wanda aka yi wa baftisma a Kaltungo, da ɗan kasuwa daga Anambra, da gwauruwar da ta tsere daga Gwoza da ƙafa. Abin da kowannensu ke ji idan aka ce tsanani ba ɗaya ba ne.

Tashin hankalin addini a garin ya girmi Boko Haram. A Afrilun 1985 ragowar mabiyan Maitatsine sun gwabza da 'yan sanda a unguwar Pantami, aka yi asarar rayuka masu yawa, kodayake wannan faɗa bai nufi Kirista kai tsaye ba. Abin da ya fara raba kan jihar a fili shi ne batun shari'a. Gombe tana cikin jihohi 12 na Arewa da suka ɗauki tsarin bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999, kuma a Satumbar 2000 rikici ya ɓarke a kan batun a wajajen Kaltungo da Bambam. Sai kuma ranar 21 ga Maris 2007, ranar da ɗaliban makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Gandu suka kashe malamarsu Christianah Oluwasesin, wadda ke sa ido a ɗakin jarrabawa, bisa zargin ta wulaƙanta Alƙur'ani. Waɗanda aka kama an sake su daga baya. Wannan kisa ya zauna a zukatan malaman makaranta da ma'aikata Kirista fiye da bama-baman da suka biyo baya, domin ba ɗan ta'adda ne daga daji ya aikata shi ba, yaran unguwa ne, kuma zargi kawai ya isa. Malaman Musulunci da dama sun sha bayyana cewa shari'a ba ta ba taron jama'a ikon yanke hukunci ba, amma rashin hukunta masu laifi ya sa wannan bayani bai kwantar da hankalin kowa ba.

Shekarun 2012 zuwa 2015 su ne mafiya tsanani. A farkon Janairun 2012 Boko Haram ta ba 'yan kudu mazauna Arewa wa'adin kwana uku su fice. Ranar Alhamis 5 ga watan, da daddare, 'yan bindiga suka buɗe wuta a majami'ar Deeper Life da ke Nasarawo ana tsakiyar addu'a, suka kashe aƙalla mutum shida, har da matar faston. Faston ya shaida wa manema labarai cewa idanunsu a rufe suke lokacin da harbin ya fara. Ranar 1 ga Janairu 2015 kuma wani ɗan ƙunar baƙin wake a kan babur ya nufi wata majami'ar ECWA ana sujadar sabuwar shekara. Masu tsaron ƙofa suka tare shi a shinge suka ce ya ajiye babur, gardama ta kaure, bam ya tashi a nan, mutum takwas suka ji rauni. Da ya wuce shingen, da labarin ya zama wani daban.

Adalci ya wajabta a ƙara da cewa mafi yawan jinin da aka zubar a Gombe a waɗannan shekaru ba a majami'a aka zubar ba. Bam ɗin tashar Dukku na 22 ga Disamba 2014 ya kashe aƙalla mutum 20. Tagwayen bama-baman babbar kasuwa na 16 ga Yuli 2015 sun tashi ne a jajibirin ƙaramar salla, lokacin da mutane ke cefanen salla, suka kashe kusan mutum 50. Wanda ya dasa su bai tambayi addinin kowa ba. Masu wa'azin da suka san garin sukan tuna wa jama'arsu wannan, domin yana canja yadda mutum zai kalli maƙwabcinsa.

Akwai kuma matsi marar ƙara, wanda ba ya shiga jarida amma shi ne abokin zaman yau da kullum. Shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN, wadda aka kafa a 1976, sun daɗe suna koke a jihohin Arewa a kan wahalar samun fili da takardar mallaka domin gina majami'a, da ƙarancin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, da fifiko wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da 'yancin sauya shi, amma wanda ya bar Musulunci ya koma Kirista, Bahaushe ne ko Bafulatani, yakan rasa gida da gado, wani lokaci har mata da 'ya'ya, kuma ba kotu ce ke raba shi da su ba, dangi ne. Irin waɗannan tubabbu su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗa, su ne kuma aka fi mantawa da su, har a cikin ikilisiya, inda wasu ke ɗari-ɗari da su don tsoron kada su zama 'yan leƙen asiri. A gefe guda, gwamnatin jihar tana da hukumar kula da masu ziyarar ibada ta Kirista, kuma tun 1999 kujerar mataimakin gwamna tana hannun Kirista daga kudu, daga Joshua Lidani har zuwa Manassah Daniel Jatau. Rahotannin ƙasashen waje, irin waɗanda suka sa Amurka ta saka Nijeriya a jerin ƙasashen da take nuna damuwa a kansu game da 'yancin addini a 2020, ta cire ta a 2021, ba su cika kama wannan cakuɗa ba.

Amsar da ikilisiya ta bayar ga duk wannan, kafin a kai ga wa'azi, tsarin mako ce. Bangaskiyar Kiristan Gombe tana tsaye ne a kan jadawalin da ba ya barin mutum shi kaɗai. A gidaje da yawa ana fara yini da sujadar iyali kafin yara su tafi makaranta: waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, karatu daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, gajeren bayani daga littafin ibadar kullum irin su Abincin Yini, sannan addu'a. Tsakiyar mako akwai taron addu'a a majami'a. Akwai ranar mawaƙa, ranar matasa, ranar Zumuntar Maza, da ƙungiyar Sabon Rai, wadda ta samo asali daga yunƙurin bishara na Sabon Rai Don Kowa na shekarun 1960, wanda tun farko aka gina shi a kan ƙananan rukunonin addu'a na gida-gida. A makarantu kuwa ƙungiyar ɗalibai ta FCS, da aka kafa a Gindiri a 1957, ita ke riƙe da yaro a shekarun da ya fi saurin zamewa. Majami'un Fentikos sun ƙara da kwanan addu'a da azumin farkon shekara, tsofaffin ɗariku ma sun ara. A shekarun bama-bamai dole ta sa majami'u da yawa suka janye tarukan dare suka mayar da su la'asar, wasu suka rarraba su zuwa gidaje. An sauya lokaci da wuri, amma tarukan ba su mutu ba.

Ƙashin bayan tsarin shi ne Zumuntar Mata. Duk wanda ya taɓa ganinsu ya san su: anko na zane mai ɗauke da tambarin ɗarika, ɗankwali iri ɗaya, ɗaya tana buga bakin tulu da faifan soso yana fitar da amo mai zurfi, wasu da caki, mai ba da waƙa tana jefawa ana amsawa. Waƙoƙinsu na Hausa, waɗanda su da kansu suke tsarawa, sukan ɗauki labari guda na Littafi su bi shi daki-daki, ta yadda matar da ba ta yi boko ba za ta haddace shi tana daka ko tana wanki. Aikinsu na gaskiya yana farawa ne bayan an tashi. Su ne ke fara isa gidan makoki da itace da hatsi, su kwana da gwauruwa, su tara kuɗin makarantar marayu daga baikon da ba ya wuce canjin cefane. Lokacin da 'yan gudun hijira suka cika harabar majami'u da gidajen 'yan'uwa, tukwanensu ne suka ciyar da mutane kafin agajin hukuma ya iso. Fastoci su ke da bagade, amma a lokacin tsanani mata ne suka hana gidaje da yawa watsewa.

Abin da ake koyarwa ya bi yanayin. Labarin Daniyel, wanda ya ci gaba da addu'arsa sau uku a yini duk da dokar sarki, ana jan sa ga ma'aikacin da ke jin kunyar a san shi Kirista ne a ofis. Wasiƙar Bitrus ta fari, wadda aka rubuta wa masu bi da ke warwatse cikin al'ummar da ba ta son su, tana da wani sharaɗi da masu wa'azi na ƙwarai ba sa tsallakewa: wahalar da mutum ya jawo wa kansa ta hanyar sata ko shisshigi ko baƙar magana ba tsanani ba ce. Wannan ya shafi zamanin Facebook da WhatsApp ƙwarai, musamman bayan kisan Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022, inda iyaye da fastoci suka dage wajen jan kunnen matasa su kiyaye harshe game da abin da wasu ke girmamawa, ba tare da sun ɓoye nasu addinin ba. Zabura ta ba mutane izinin yin kuka da tambayar Allah dalili. Sunayen Leah Sharibu, wadda aka sace a Dapchi a Fabrairun 2018 aka ƙi sakinta don ta ƙi barin addininta, da Rabaran Lawan Andimi na Michika, wanda aka kashe a Janairun 2020, sun shiga addu'o'in majami'u a matsayin misalai na kusa, 'yan yanki ɗaya masu jin Hausa.

Harin Nasarawo ya tayar da tambaya mai wuya: shin mai addu'a zai rufe ido ya bar sauran ga Allah? Amsar da aka tsaya a kai an ɗauko ta daga Nehemiya, wanda ya sa masu ginin garun Urushalima su yi addu'a su kuma sa masu tsaro dare da rana. Daga 2012 ƙofar majami'a ta canja kama. Ana gindaya ganguna cike da kankare ko benci a bakin titi, motoci da babura su tsaya nesa, a hana shiga da manyan jakunkuna, matasan Boys' Brigade cikin kayan sarki su tsaya da na'urar bincike suna shafa kowa, har dattijon da suka sani tun suna goye. Waɗannan matasa sukan yi sujadarsu a tsaye a rana, suna jin wa'azi ta lasifika. Masu tsaro irin waɗannan ne suka tare mai babur a 2015. Masallatan Juma'a ma sun ɗauki irin wannan mataki da 'yan agajinsu, har aka wayi gari Juma'a da Lahadi suna kama da juna a titunan garin.

Jarrabawar da ta fi tsaro wuya ita ce ta ramuwa. Koyarwar Yesu a kan juya ɗaya kuncin ga wanda ya mari mutum, da ƙaunar maƙiyi, sananniya ce, amma tun bayan rikice-rikicen Kaduna da Jos aka fara jin wasu na cewa an mari kunci na farko, an mari na biyu, babu na uku. EYN, wadda ta gaji aƙidar ƙin ɗaukar makami daga mishan ɗin da ya kafa ta a Garkida a 1923, ta tsaya a kan rashin ramawa duk da cewa ita ta fi kowace ɗarika asara, har hedikwatarta ta Kwarhi ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014. Yawancin sauran ɗariku sun bambanta kare kai da ramuwar gayya: na farko halal, na biyu zunubi. A kan takarda layin a bayyane yake. A kan titi, cikin fushi, yakan ɓace. A daren Ista na Afrilun 2019 wani jami'in hukumar tsaro ta Civil Defence ya kutsa da mota cikin jerin gwanon 'yan Boys' Brigade a cikin garin Gombe bayan sa-in-sa, ya kashe aƙalla takwas, jama'a kuma suka kashe shi da abokin tafiyarsa nan take. Da aka tashi ɗaukar gawawwakin, rikici ya sake kunno kai har gwamnati ta sa dokar hana fita. A Fabrairun 2021, bayan rasuwar Mai Tangale Abdu Buba Maisheru II, zanga-zangar da mutanen Billiri suka fara a kan zaɓen magajinsa ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone, aka taɓa masallatai da shaguna, aka rasa rayuka. Ko da koken farko yana da hujja, Musulmin Billiri a ranar sun ɗanɗani abin da Kiristan birni ke tsoro. Ikilisiyar da ba ta faɗa wa 'ya'yanta wannan gaskiya ta rage wa koyarwarta ƙarfi da hannunta.

Wannan ja-in-ja yana fitowa har a cikin salon addu'a. Akwai addu'ar neman wuta ta sauka a kan maƙiya, wadda ta samu karɓuwa a wasu tarukan dare, akwai kuma tsohuwar hanya mai bin misalin Istifanas, wanda ya roƙa wa masu jifansa gafara. Ta farko tana huce zuciya nan take, shi ya sa take cika ɗaki. Matsalarta ita ce yaron da ya saba jin ana kiran maƙiyi ba tare da an ce ko wane ne ba, shi zai cike gurbin da kansa, kuma sau da yawa fuskar maƙwabci yake sawa. Dattawan ikilisiya da suka ga jiya suka ga yau sukan nace a riƙa ambaton gwamna da sarki da jami'an tsaro da Musulmin unguwa cikin addu'ar Lahadi, da suna, domin da wuya mutum ya ɗauki dutse a kan wanda ya saba roƙa wa alheri.

Abin da ke taimaka wa Gombe shi ne cuɗanyar jini. A cikin Tangale da Waja da Tera ba abin mamaki ba ne a samu fasto da alhaji uwa ɗaya uba ɗaya, suna haɗuwa a biki da jana'iza. Naman layya yana shiga gidan Kirista, shinkafar Kirsimeti tana shiga gidan Musulmi, kuma Kirista da yawa sukan kira Musulmi ya yanka musu dabbar biki domin maƙwabta su ci ba tare da shakka ba. Wannan gado yana fuskantar barazana daga yadda unguwanni ke rarrabuwa bisa addini, domin bayan kowane rikici wasu sukan sayar da gida su koma inda nasu suka fi yawa. Hakan yana kawo barci mai daɗi, amma yana haifar da yaran da ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba.

Jerin gwanon bukukuwa shi ne inda Kiristocin garin ke bayyana kansu a fili. A lokacin Kirsimeti ƙungiyoyi sukan fito da ganguna da waƙoƙi su kai gaisuwa gidan gwamnati da fadar Sarkin Gombe, kujerar da Alhaji Abubakar Shehu Abubakar III ke kai tun 2014, a tarbe su a yi musu jawabi. Al'adar tana tabbatar da cewa su ma 'yan gari ne masu haƙƙi a kan titi da fada. Ita ce kuma ta fi jawo fargaba. Ranar Kirsimetin 2024 wata mota ta afka wa masu jerin gwano a garin, fiye da mutum 20 suka ji rauni. A Litinin ɗin Ista ta 2025 babbar mota ta kutsa cikin masu jerin gwano a Billiri ta kashe mutum biyar. A na Billiri 'yan sanda sun ce burki ne ya tsinke, mutane da yawa ba su gamsu ba, kuma a duka biyun an ƙone motar. Tun daga nan tattaunawar shugabannin ikilisiya da hukumomi ta karkata ga abubuwan da ake iya aiwatarwa: sanar da hanya tun da wuri, rufe titi ga manyan motoci har a wuce, rakiyar jami'an tsaro da na kiyaye haɗurra, da kammala tafiya kafin duhu.